Matakala Daidai Ƙafar Inna

A Tungar Ɗinya, can ƙarshen gari ta yamma inda hanyar mota ke ƙarewa, nan gidan su Nomau yake. Mutum uku ne a ciki: shi Nomau, da matarsa Ladidi, da mahaifiyarsa Inna Tabawa, tsohuwa mai fama da ciwon gwiwa. Ban da su akwai wani jan zakara da ya tsufa har cararsa ta dushe, sai kuma farar mota a-kori-kura da ke kwana a ƙofar gida ƙarƙashin rumfar kara.

Mutanen gari suna kiran Nomau wawa, kuma ba za a ce ƙarya suke yi ba. Amma wautarsa iri ɗaya ce tak. Yadda magana ta shiga kunnensa haka take zama, ba ya rage mata, ba ya ƙara mata. In ka ce ya jira ka a gindin tsamiya, ka manta da shi ka yi tafiyarka, to ko ruwa ake yi da ƙanƙara a gindin tsamiyar za ka same shi.

Motar ta wansa ce, Shekarau, direban tanka a Lakwaja. Shekara huɗu da suka wuce ya zo da ita, ya yi wata guda yana koya wa Nomau tuƙi a filin makaranta. Duk duniya shi kaɗai ne bai taɓa ce wa Nomau wawa ba, don ya gano sirrinsa: ka faɗa masa abu ɗaya, ya gama, sannan ka faɗi na biyu. Ranar da zai koma ya bar masa magana uku. Kada ya wuce arba'in a maleji. Kada ya taɓa kujerar direba, ƙarfen da ake jan ta da shi ya lalace. Ya kula da motar har ya dawo. Shekarau dogo ne, Nomau gajere, don haka shekara huɗu Nomau yana tuƙi da matashin kai biyu a bayansa, yana kai wa mutane masara kasuwa, yana jiran ranar da mai kujera zai zo ya zauna a kujerarsa. Yana kewar wansa ƙwarai, kuma ba ya ɓoyewa.

Inna ce mai ɓoyewa. Shekarau ɗanta ne na fari, kuma ita mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai ta ce "mutumin nan". Ba ta karɓar wayarsa. Duk Juma'a bayan masallaci yakan kira, Nomau ya hau kan turmi a gindin rumbu, don nan kaɗai ake samun sabis a gidan, ita kuwa ta jawo tabarma kusa ta hau tsintar wake kamar ba ruwanta. Zakaran nan ma ita ta ware shi tun yana ɗan tsako, ta ce, "Wannan sai ranar da mutumin nan ya shigo gida." Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, mutumin nan yana ta aiko da atamfa da man zafi da alkawari. Zakara dai sai tsufa yake yi.

Wata rana wani direba ya sauke wani dogon kwali mai nauyi a ƙofar gida, ya ce saƙo ne daga Lakwaja. Inna ta leƙo daga zaure.

"Mutanen can suna lafiya?"

"Lafiya lau, Inna," in ji direban, idonsa a ƙasa. A tsaye ya sha ruwan da aka kawo masa, ya ja mota ya tafi.

Da Juma'a ta zo, Shekarau ya yi bayani. Matakala ce guda biyu ta ƙarfe, wadda ake ɗaurawa a gefen mota ƙarƙashin ƙofa, don ya ji an ce ranar asibiti sai an ɗaga Inna an sa ta a mota kamar buhu. Sai kuma robar da ake mannawa a bakin bodi, don kada kaya su riƙa karce fenti. Ya ce, "Ka ajiye matakalar inda ba wanda zai taka, har ka kira mai walda."

Nomau ya zagaya gida yana nazari. Ɗaki ana takawa. Tsakar gida ana takawa. Bayan gida ma awaki suna takawa. Sai ya ɗaga kai ya ga kan rumbu. Ya sa tsani, ya haye da ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa su a kan jinka. Bai gama saukowa ba jinkar ta burma, matakala biyu suka lume cikin gero, kaji suka watse da kuka. Ladidi ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Malam! Ka kashe mana rumbu!"

Nomau ya leƙa ciki ya ga ƙarfe a kwance lafiya. Ya ce, "Nan ma ba mai takawa." Kwana biyu ya yi yana yanko ciyawar sabuwar jinka.

Wata rana, ranar da aka yi da Ɗanliti mai walda zai zo daga kasuwar Gidan Mayaƙi, Nomau ya tashi da wuri ya buɗe takardar da ta zo cikin kwalin. Shekarau ya ce masa yadda aka zana a takardar haka za a yi. To, mai zanen yana son ya nuna inda ake ɗaura noti a ƙasan mota, sai ya zana motar babu taya. Nomau ya duba takarda, ya duba mota, ya ga ba su yi daidai ba. Ya ɗauko jak ya kwance taya huɗu. Da ya rasa abin da zai ɗora motar a kai, sai ya ɗauko turmin Ladidi, ya shiga maƙwabta ya aro uku, ya ce yanzu zai dawo da su. Mutumin da ke cikin zanen yana sanye da tabarau, don haka ya je wurin Liman ya aro na karatunsa.

Da hantsi Ɗanliti ya iso a kan babur, ya tarar da mota zaune a kan turame huɗu, ga Nomau tsaye da tabarau yana laluben hanya, ga mata uku a kansa kowace da ƙwaryar jiƙaƙƙen gero.

"Nomau, ka ba ni turmina, yara ba su karya ba!"

"Ku yi haƙuri, sai an gama. Haka aka zana."

Ɗanliti ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ranar ba a yi aikin komai ba sai mayar da tayoyi, kuma gida huɗu ba su sha fura ba sai bayan azahar.

Wata rana Ɗanliti ya dawo da injin waldarsa. Kafin ya iso Nomau ya tuna Shekarau ya ce a ɗaura matakalar daidai ƙafar Inna. Sai ya karyo karan dawa ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ɗaga ƙafarki iya ƙarfinki."

"Kai, rabu da ni."

"Yaya ne ya ce."

Ta dafa bango, ta cije leɓe, ta ɗaga. Taƙi ɗaya ne da 'yan yatsu biyu. Nomau ya karya karan a daidai nan ya kai wa mai walda. Ɗanliti ya duba karan, ya duba ramukan noti, ya girgiza kai.

"Ai kamfani ya riga ya huda inda za a ɗaura. Ga shi nan sama. In aka sauko da ita nan za ta riƙa dukan ƙasa."

"Kamfani bai san Inna ba," in ji Nomau.

Aka yi juyin duniya ya ƙi. Ɗanliti ya gaji, ya yanko ƙarfe ya ƙara wa maƙalan tsawo, ya yi musu walda mai kyau, don shi ba ya aikin banza ko da na wauta ne. Matakala ta sauko har ta kusa sumbatar ƙasa, dama da hagu. Ran kasuwa da Nomau ya bi hanyar gonaki, duk tudun da ya haye sai ka ji ƙuuu, ya iso kasuwa da ciyawa da ganyen gyaɗar mutane a rataye a gefen mota. Daga ranar aka sa wa motar suna Garma. In ya wuce majalisa sai a ɗaga masa hannu a ce, "Nomau, nawa kake huɗar kadada?" Shi kuwa ya tsaya ya yi musu bayani cewa ba ya huɗa.

Wata rana aka zo kan robar bakin bodi. Wannan ba ta son mai walda, gam ne a bayanta da takarda a rufe, ka ɓare ka manna. Shekarau ya ce ya wanke bakin bodin tas, ya bari ya bushe, ya manna, sannan ya danne sosai, kada ya ɗaga sai ta kama. Nomau ya wanke, ya manna. Ya duba hannunsa biyu, ya duba tsawon bodi, ya ga hannu ba zai isa ba. Sai ya haye ya zauna a gefen dama, ya kira Ladidi ta zauna a hagu. Duk wanda ya zo wucewa ya roƙe shi ya taya shi zama. Kafin rana ta take, mutum tara ne a jere a bakin bodi kamar tsuntsaye a kan waya, har da mai tallan manja da ya zo wucewa kawai.

"To, ta kama?" in ji mai manja.

Nomau ya leƙa robar da ke ƙarƙashinsa. Babu wanda ya gaya masa yadda ake gane ta kama. Wanda zai tambaya yana cikin waya, sabis yana gindin rumbu, shi kuma an ce kada ya ɗaga. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka zame suka tafi. Ladidi ta ce tuwo ba ya tuƙa kansa. Ya rage shi kaɗai, yana matsawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, rana tana dukansa. Da lokacin salla ya yi, ya roƙi Inna ta zo ta dafa masa robar. Ta zo ta dafa. Da ya idar ya dawo, ya same ta tana shafa robar a hankali da tafin hannu.

"Shi ya zaɓo wannan da kansa?"

"Shi ne, Inna."

"Da can in ya kira, ina jin ƙugin manyan motoci a bayan muryarsa," in ji ta, ba ta dube shi ba. "Shekara biyu ke nan ba na ji. Sai rediyo."

Nomau bai san abin da zai yi da wannan magana ba, don ba umarni ba ce. Ya koma ya zauna. Sai la'asar sakaliya ya yarda ta kama, kuma ta kama ɗin, har da bayan rigarsa, don da ya miƙe sai da ya bar mata rabi.

Wata rana wani mai shinkafa ya jawo buhu a kan sabuwar robar, ta yi ɗan karce. Hankalin Nomau ya tashi. An ce roba ta kare bodi, to, ita robar wa zai kare ta? An ce ya kula da mota, kuma yanzu roba ta zama mota. Ya tattaro tsofaffin zannuwan Ladidi da buhunan algarara, ya naɗe bakin bodin kaf, ya ɗaure da igiyar rama. Ladidi ta ce, "Saura ka nemo abin da zai kare tsumman." Da ta ga ya tsaya yana tunani, ta yi maza ta ce wasa take yi. Haka Garma ta riƙa yawo da rawani, masu dariya suka sami ta ƙari.

Wata rana ranar asibitin Inna ta zagayo. Ta yi shiri, ta yafa mayafi, ta dogara sanda har bakin mota. Ta ɗaga ƙafa za ta ɗora a kan matakala ke nan, Nomau ya sha gabanta.

"Inna, ba a takawa."

"Me ba a takawa?"

"Yaya ya ce inda ba wanda zai taka."

Ashe tun da aka ɗaura ta bai bar kowa ya taka ba, shi kansa tsallake ta yake yi. Ladidi ta tafa hannu ta yi salati. Ta ce wannan kam ba za a jira Juma'a ba. Ta tura shi har gindin rumbu, ta ɗora shi kan turmi, ta sa ya kira, ta ce ya buɗe murya kowa ya ji. Nomau ya ba da labari tun daga rumbu har rawani, bai rage komai ba. Can sai suka ji Shekarau yana dariya, irin dariyarsa ta da, mai fitowa daga ciki. Rabon da su ji ta har sun manta. Inna ta juya baya tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

"Na janye waccan maganar," in ji Shekarau. "A taka. Inna ta fara takawa."

Inna ta ce da Nomau, ƙasa-ƙasa, "Tambayi mutumin nan ko can ma damina ta sauka."

Shekarau ya ji. Ya san ba damina take tambaya ba. Dariyar ta ɗauke. Ya ce ta sauka, aiki ya yi yawa, amma da kaka in Allah ya so. Kakar bara ma haka ya ce. Sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Nomau, in komai ya kammala, ka nuna mini motar nan in gani da idona." Ya kashe waya.

Inna ta koma bakin mota. Ta ɗora ƙafa a kan matakala, ta dafa ƙofa, sai ga ta a kujera, babu wanda ya taɓa ta. Ta zauna tana kallon gaba. Nomau ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa kansa, amma daɗin bai cika ba, don wanda ya kamata ya gani ba ya nan.

Wata rana, kwana biyu bayan haka, Ladidi ta fito da sassafe ta tarar Nomau ya wanke mota, ya cika tanki, yana yanko gefen kwalin nan inda aka rubuta sunan garejin da aka aiko shi.

"Ina zuwa?"

"Lakwaja. Komai ya kammala. Ya ce in nuna masa."

Kowa ya san hoto Shekarau yake nufi, a ɗauka a waya a tura. Ladidi ta buɗe baki za ta faɗa. Sai ta hango Inna a ƙofar ɗakinta, ta riga ta yafa mayafin unguwa, da ƙullin kaya a gefe, ta kuma kife jan zakara a cikin kwando. Tsohuwar ta dube ta, duba ɗaya. Ladidi ta rufe bakinta, ta shiga madafa ta ƙullo musu dambu da ƙuli-ƙuli.

"Ni rakiya kawai zan yi," in ji Inna. "Kada a ce an bar ka kai kaɗai a hanya."

Tafiyar da direbobi ke yi a yini ɗaya, kwana biyu ta ɗauke su, don allurar maleji ba ta taɓa wuce arba'in ba. Manyan motoci suna ta danna musu oda, masu babur suna wuce su suna waiwaye. Suka yada zango a gidan wata 'yar ƙanwar Inna a Kaduna, da safe suka ci gaba. Duk hanya Inna ba ta yi maganar inda za su ba, sai dai duk garin da suka shiga ta ce, "Nan ne?"

Da la'asar ta biyu suka shiga garejin. Tankoki jere kamar ba za su ƙare ba. Nomau ya nuna wa wani mutum guntun kwali ya ce yana neman Shekarau direba.

"Shekarau mai baƙin mai? Bi nan, can baya."

Can baya wata 'yar rumfar kwano ce, da galan-galan na man inji a jere, da rediyo a rataye. Wani mutum yana zaune a kan benci, ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ƙafar wandonsa ta hagu an naɗe ta a gwiwa an soke da fil. Sanduna biyu suna jingine a bango. Ya ɗago kai ya ga farar mota da rawanin tsumma, da matakala tana jan ciyawa, ta tsaya a gabansa. Mazurarin da ke hannunsa ya faɗi.

Nomau ya fito da gudu, sai ya ja ya tsaya. Ya dubi wansa sama, ya dube shi ƙasa.

"Yaya, ina ɗayar?"

"Tanka ta faɗi da ni. Shekara biyu ke nan." Ya kawar da kai. "Wa ya ce ka zo? Hoto na ce ka turo!"

"Ba ka ce hoto ba. Ka ce in nuna maka ka gani da idonka." Hawaye ya zubo wa Nomau, bai share ba. "Da ka gaya mini."

"In na gaya maka me za ka yi?"

"Duk abin da ka ce."

Sai suka ji ƙofar mota ta buɗe. Inna ta sauko da ƙafa a kan matakala, ta sauko da ɗayar, ta taka ƙasa da kanta. Shekarau bai san tana ciki ba. Ya yi wuf zai miƙe, ya rarumi sanda ɗaya, ya yi tangaɗi ya faɗa jikin mota. Bakin bodin ne ya tare shi. Ya kifa goshinsa a kan tsummokaran nan, ya ƙi ɗagowa.

Inna ta tako a hankali har ta zo bayansa. Matar da shekara arba'in da biyar ba ta taɓa kallon ɗan nan ido cikin ido a gaban mutane ba, ta tsaya a tsakiyar gareji, direbobi suna kallo.

"Shekarau," in ji ta.

Nomau ya waiwaya ya ga ko wani ne ya yi magana. Bai taɓa jin sunan nan da wannan murya ba. Shi ma mai sunan bai taɓa ji ba. Ya ɗago kai.

"Shekarau, ƙafa aka ce maka nake jira?"

Shekarau ya ce shi ne mai ɗaukar gida, ya tafi da ƙafa biyu, ba ya son ya shigo Tungar Ɗinya a ga ana sauke shi. Ya ce ko motocin tasha ba ya iya hawa sai an ɗaga shi kamar buhu, shi ya sa maganar nan ta tsaya masa a rai da ya ji an yi wa Inna haka. Yana magana idonsa ya sauka kan matakalar. Tsohon direba ne, ya san inda ake ɗaura ta.

"Wa ya sauko da wannan ƙasa haka?"

"Daidai ƙafar Inna," in ji Nomau. "Kai ka ce."

Shekarau ya daɗe yana kallon ƙarfen. Sannan ya gyara sanda a hammata, ya matsa bakin ƙofa, ya kama hannunta, ya yi ɗan tsalle guda. Ƙafarsa ta sauka a kan matakala, waldar Ɗanliti ko gezau. Ya juya ya zauna a kujera. Babu wanda ya taɓa shi. Daga nan ya hango kujerar direba, tana can baya inda ya bar ta, da matashin kai biyu da suka baje don daɗewa. Ya sa hannu ya rufe fuskarsa.

Ba a daɗe ana shawara ba. Maƙwabcin rumfa ya karɓi galan-galan ɗin, aka ɗauko jakar tufafi da rediyo, aka ɗaure sanduna da igiyar ramar da ke bakin bodi. Wani direba ya ga zakara ya ce a yanka a yi murna, Nomau ya ce a'a, sai ranar da mutumin nan ya shigo gida, nan kuwa gareji ne. Zakara ya ƙara samun kwana biyu.

Washegari da safe Inna ta hau ta zauna a tsakiya, Shekarau ya hau bayanta ya ja ƙofa. Nomau ya tsaya a waje yana juya makulli a hannu.

"Yaya, ka ce in kula da ita har ka dawo. Ka dawo ke nan, ko sai mun isa?"

"Sai mun isa. Shigo ka ja mu."

Nomau ya shiga, ya gyara matashin kai, ya tayar da mota. Da suka hau kwalta ya dubi maleji, ya dubi wansa.

"Arba'in?"

Shekarau ya buɗe baki zai ce ya ƙara, Inna ta riga shi. Hannunta yana riƙe da bakin rigar ɗanta na fari, ba ta kuma damu wa ya gani ba.

"Arba'in," in ji ta. "Babu wanda muke saurin gani kuma."